Allura da ciwon gaɓɓai mai daɗewa

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙasusuwa, kamar gwiwa, kafaɗa da wuyan hannu. Akwai jijiyoyi masu ɗaure ƙashi da ƙashi, da guringuntsi mai hana su gugar juna, da wani tantani mai fitar da ruwa mai santsi. Idan cuta ta kama waɗannan, ciwo yakan ɗauki watanni, har shekaru.

Jama'a kan haɗa duk ciwon gaɓɓai su kira shi amosani ko sanyin ƙashi, amma ba iri ɗaya ba ne. Wani na tsufa ne da wahalar aiki, irin wanda manoman albasa na Galmi da mata masu daka da ɗaukar ruwa suka sani. Wani kuwa garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar tantanin gaɓa. Wannan ya fi kama mata. Yatsun hannu biyu kan kumbura tare, su sage da safe har fiye da awa ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka gaji jijiyoyi masu sako-sako, gaɓarsu ba ta da wuyar gocewa.

Mene ne aikin allurar cikin gaɓa?

Maganin da aka fi sawa cikin gaɓa dangin kotizon ne. A Amurka aka fara gwada kotizon ga mai ciwon gaɓɓai a shekarar 1948. Yana kwantar da kumburi, mutum ya samu sauƙi na makonni, wani lokaci wata biyu ko uku. A nan aikinsa ya tsaya. Bai kawar da tushen cutar ba. Mai cutar garkuwar jiki yana bukatar wani magani dabam, kamar methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma likita yana bin sa da awon jini.

Likitoci ba su cika wuce allura 3 ko 4 a shekara a gaɓa ɗaya ba, domin yawanta yana raunana guringuntsi da jijiya. Mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a yi masa, don sugansa zai hau na ƴan kwanaki. Mai sikila ma ya faɗa, domin wannan magani yana iya tayar masa da ciwo. Gaɓar da ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, ba a yi mata wannan allura. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, sai a gaggauta zuwa asibiti a ranar.

A ƙasashen waje wasu na yi wa masu sakin jijiya allurar ruwan suga a gefen gaɓa. Bincike bai tabbatar da amfaninta ga wannan cuta ba. Motsa jiki mai ƙarfafa naman da ke riƙe gaɓa shi ne abin da ake fara ba da shawara a kai.

Allurar kasuwa

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, abin da masu tallar magani a kasuwannin kan iyaka suka gane sarai. Abin da sukan yi wa mutum a ɗuwawu shi ne diclofenac ko dexamethasone. Ciwo ya lafa, sai a koma, a sake komawa. Na farkon yana cin tumbi, yana lalata ƙoda. Na biyun yana kumbura fuska, har a zaci ƙiba ce ta lafiya, alhali jini na hawa, ƙashi na rauni. Wanda ya daɗe a kansa kada ya bari dare ɗaya, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Allurar da aka soka wa wani tana ɗaukar ciwon hanta da sida, wadda kuma aka soka a wurin da bai dace ba tana iya taɓa babbar jijiya, ƙafa ta shanye.

Mai ciwon gaɓa da ya wuce mako 6 ya fara da gidan likita mafi kusa. Daga can ake tura shi asibitin gunduma na Birnin Ƙonni ko na Illela, ko asibitin Galmi a gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa. Ya tafi da kwalaye da kwalaben duk maganin da ya sha ko aka yi masa, har na gargajiya, ya nuna wa likita.