Ƙoƙon Kai A Jikin Buhun Alkama

Kafin masana su fara rubuta sinadarai da haruffa, zana su suke yi. Mutanen da, masu fafutukar juya dalma ta koma zinariya, kowane ƙarfe sun haɗa shi da wani abu na sararin sama. Zinariya rana ce, da'ira da ɗigo a tsakiya. Azurfa jinjirin wata. Baƙin ƙarfe ya ɗauki alamar Mirrihi, tagulla ta ɗauki ta Zahra. Waɗannan biyun na ƙarshe kun san su ko ba ku san sunansu ba, domin su ne alamun namiji da mace da ake gani yau a takardun asibiti.

A 1808 wani malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, John Dalton, ya fito da nasa tsarin, duk da'irori: fara fat ita ce oksijin, mai ɗigo haidirojin, baƙa ƙirin kabon. Abin gwanin sha'awa a allo, amma jidali a maɗaba'a, tunda kowace alama sai an sassaƙa mata hatiminta. Sai ga wani masani, Berzelius na ƙasar Suwidin, a wajajen 1813 ya kawo shawarar a ɗauki harafi ɗaya ko biyu daga sunan sinadarin na Latin: Fe, Au, Pb, Hg. Masu ɗab'i dama suna da haruffa a akwatunansu, a hankali tsarin ya karɓu. Dalton dai bai taɓa yin na'am da abin ba har ya mutu a 1844.

An kori zane daga littafin masana, amma ya dawo ta jikin kwalbar guba. Tun ƙarni na 19 masu sayar da magani suke manna hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, bisa zaton duk mai ido zai gane, ko ya yi karatu ko bai yi ba. Wannan zaton ne ya rushe a Iraƙi.

A 1971, bayan fari ya yi wa noman ƙasar illa, gwamnati ta sayo irin alkama tan dubu 73 da 'yan kai daga Meziko, da sha'ir wajen tan dubu 22. An cuɗe irin da maganin fumfuna mai ɗauke da wani mugun nau'in zaiba, aka kuma rina shi ja-ja don a san na shuka ne, ba na ci ba. Duk wanda ya taɓa buɗe ledar ingantaccen irin masara ya ga launin da ke bin tafin hannu, to ya san irin rinin da nake nufi. Jiragen ruwa suka sauke kaya a Basra, amma kafin buhuna su isa ƙauyuka da yawa, manoma sun riga sun gama shuka. Ga alkama jibge a ɗaka, ga iyali.

Gargaɗin da ke jikin buhun da Sifaniyanci da Turanci aka rubuta shi, ga mutanen da Larabci suke ji, da yawansu ma ko shi ba sa karantawa. Hoton ƙoƙon kai yana nan a wasu buhunan, sai dai ba wanda ya taɓa koya musu cewa ma'anarsa guba.

Kada kuma wani ya ce wauta suka yi. Sun yi abin da mai hankali zai yi. Suka zuba wa alkamar ruwa, jan ya fita, suka ɗauka dafin ya bi shi, alhali rinin ne kawai ya tafi. Wasu suka fara watsa wa kaji, suka zuba ido kwana da kwanaki, kaji na ta kiwonsu lafiya lau. Abin da ba su sani ba shi ne wannan gubar ba ta gaggawa: taruwa take a jiki, ta ratsa ƙwaƙwalwa, sai bayan makonni ta nuna kanta. Aka niƙa, aka kwaɓa, aka gasa gurasa a tanderu. Da farko leɓe da yatsu su mutu, sai tafiya ta koma tangaɗi, harshe ya yi nauyi, gani ya dinga tsukewa daga gefe har wasu su makance. A ƙididdigar hukuma mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can, kuma masu bincike sun yi ittifaƙin cewa waɗanda suka mutu a gida ba a lissafa su ba sun zarce haka nesa. Da gwamnati ta yi barazanar hukuncin kisa ga mai sayar da irin, wasu don tsoro suka juye nasu a kogin Dijla, kifi ma ya samu rabonsa.

A ganina laifin bai tsaya kan zanen ba. Wanda ya aika wa mai jin yunwa abinci mai guba bayan lokacin shuka ya wuce, ba shi da bakin cewa ai na yi maka alama.

Abin mamaki, a cikin wannan shekarar ta 1971, can a Pitsbag ta Amurka, wani likitan yara, Richard Moriarty, yana fama da alamar ƙoƙon kan nan ta wata fuskar. Yaran garin ba sa tsoronta ko kaɗan, domin tana tuna musu da 'yan fashin teku, laƙabin ƙungiyar besbol ɗin garinsu. Shi ya sa aka ƙirƙiro wata koriyar fuska, a yamutse, harshe a waje, aka raɗa mata Mr. Yuk, iyaye suna liƙa ta a jikin kwalabe.

Alamar tururin nukiliya ma ba ta tsira ba, wannan mai fikafikai uku da aka zana a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1946. A farkon 2000, a Bankok ta ƙasar Tailan, 'yan gwangwan suka samo kan wata tsohuwar na'urar gashin ciwon daji da aka yasar a wani fili ba mai gadi. Alamar na jikinta, ba su san ta ba. Suka kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa a Samut Prakan, aka yanka ta da wutar walda, ƙwayar kobal-60 da ke ciki ta faɗo cikin tarkace. Mutum goma suka kwanta, uku suka mutu.

Bayan wannan da ire-irensa ne Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fita tambayar mutane abin da suke gani a wasu sababbin zane-zanen gargaɗi, mutum 1,650 a ƙasashe 11. An kuma gwada mai fikafikai ukun a kan yara, da yawansu suka ce farfela ce. A 2007 aka fito da ƙarin wata alamar: jan zane mai kusurwa uku, fikafikan a sama suna feso haske, ƙoƙon kai a ƙasa, a gefensa mutum ya ranta a na kare, kibiya na nuna masa hanya. Ba a ƙofa ake liƙa ta ba, ba kuma a jikin motar dakon kaya ba. A can cikin na'urar ake sa ta, dab da ƙwayar, inda ba mai ganinta sai wanda ya riga ya ɗauko guduma da sufana ya fara kwancewa.