Tafkunan Kanwa na Kanem da Tarihin Ungurnu a Borno

Kusan babu gidan da ba a amfani da kanwa ungurnu, ko a kunu, ko a ɗanwake, ko a lasa wa dabbobi. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san inda take fitowa.

A arewa maso gabashin Tafkin Chadi, a ƙasar Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa a tsakanin tuddan yashi, musamman wajejen Liwa. Ruwan wasunsu kore ne shar saboda wani irin gansakuka da ke tsiro a ciki. Matan Kanembu kan tace shi, su shanya a kan yashi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Shi ne kuma abincin filamingo, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da jaja-jajan fukafukai, waɗanda kan sauka a wurin.

Da rani idan ruwa ya ja, sai a haƙo kanwa falle-falle. A da, Buduma, mazauna tsibiran tafkin, su ke loda ta a kwale-kwalen da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa, su tsallako da ita Baga. A wancan zamani, daga nan fatake kan ɗora wa jakuna zuwa Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, su wuce Kano da ƙasar Nufe, har Gwanja inda ake sayo goro. Wannan fatauci na cikin abin da ya kawo Hausawa da dama Borno. Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kafa Yerwa a 1907, sai ciniki ya karkato Maiduguri.

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan nesa da Baga, sannan rikicin Boko Haram ya sa aka rufe hanyar na tsawon lokaci.

Dattawan da suka yi wannan fatauci suna ta ƙarewa. Duk wanda ke da irinsu a gida, don Allah ya zauna da su ya ɗauki bayaninsu, ko da a waya ne, ya miƙo wa ƙungiya mu adana. Allah Ya dawwamar da zaman lafiya a Borno, amin.

Sakataren Ƙungiya