Daga Albarushin Guy Fawkes Zuwa Dokar Ƙarfe 11 Na Dare

Daren 4 ga Nuwamban 1605, wayewar garin 5 ga wata, masu bincike suka kutsa wani ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila. Suka tarar da wani mutum mai suna Guy Fawkes yana gadin ganguna 36 na albarushi, an lulluɓe su da itacen girki. Shi da abokan ƙullinsa 'yan ɗarikar Katolika, bisa jagorancin Robert Catesby, sun yi niyyar tarwatsa majalisar alhali Sarki James na Ɗaya yana ciki. Da labari ya bazu, mutanen Landan suka hura wuta a tituna don murnar sarki ya tsallake rijiya da baya.

A 1606 majalisa ta yi doka cewa kowace ranar 5 ga Nuwamba a taru a coci a yi godiya. Jama'a kuwa suka ƙara da nasu: ƙona mutum-mutumi da harba tartsatsin wuta. Kafin ƙarni ya ƙare, abin ya fara wuce gona da iri. Samari na jefa ababen fashewa cikin taro, a Landan, garin da bai manta da gobarar 1666 ba, wadda ta cinye gidaje sama da 13,000. Sai majalisa ta yi doka a 1697, ta haramta ƙera su da sayar da su da jefa su a titi.

To amma icen da ya yi saiwa ba a tuge shi da hannu ɗaya. Haramcin bai hana wasan ba, sai dai ya kora sana'ar cikin ɗakunan kwana da bayan shaguna, inda ake haɗa albarushi kusa da murhu da fitila. Da hukuma ta gane haka, sai ta canza salo. Dokar ababen fashewa ta 1875 ta tanadi lasisin ƙerawa da ƙa'idojin ajiya, ta kuma hana harba su a kan hanya. A 1997 aka daina sayar wa jama'a ƙananan masu ƙara, irin waɗanda yaranmu ke kira nokawut.

Batun lokaci shi ya zo daga baya. Koke ya yi yawa cewa ana tashin tsofaffi da jarirai da tsakar dare, karnuka na ɓuya ƙarƙashin gado suna makyarkyata, dawakai na tsinke igiya. Daga nan aka samu dokar 2003 da ƙa'idojin 2004. Yanzu a Ingila laifi ne a harba tartsatsin wuta daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. An ɗaga ƙafa a darare huɗu: ranar 5 ga Nuwamba har 12 na dare, sai jajibirin sabuwar shekara da bikin Diwali na Indiyawa da sabuwar shekarar Sinawa har 1 na dare. Mai shagon da ba shi da lasisi na musamman ba ya sayarwa sai a kwanakin da aka ware, kamar 15 ga Oktoba zuwa 10 ga Nuwamba, da 26 zuwa 31 ga Disamba. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a sayar masa da manyan, kuma ba a yarda ƙarar waɗanda ake sayar wa jama'a ta wuce ma'aunin desibel 120 ba. Yankin Sikotland ya ƙara tsanantawa a 2021, inda a ranakun da ba na biki ba sai daga 6 na yamma zuwa 11 na dare.

Kusan shekara 400 Ingila ta yi kafin ta kai ga wannan matsaya. Hani na gaba ɗaya bai kare kowa ba, sakaci kuma ya cutar da marasa ƙarfi. Abin da ya fi amfani shi ne doka mai faɗin rana da sa'a, wadda ta bar mai biki ya yi bikinsa, ta kuma tsare wa maƙwabci haƙƙin barcinsa.