Daga Ganuwar Katagum Zuwa Teburin Mai Gyara: Tarihin Agogo Mai Wani

A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Muhammadu Ɗankauwa, wasu Turawan Birtaniya biyu suka iso birnin Katagum daga Borno: Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney. Likitan ya zo da ciwo a ƙirji, kuma bai yi nisa ba ya mutu a garin Murmur ranar 12 ga watan. Clapperton ya rubuta cewa tun daga Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin ganuwa kamar Katagum ba, kuma a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Matafiya irinsu ba sa rabuwa da agogo, domin da shi da na'urar auna tsayin rana suke gane mazaunin gari a taswira.

Su kuwa Katagumawa suna da nasu lissafin. Ladan ya san azahar da la'asar ta hanyar taka inuwa, manomi ya san hantsi da walaha, mata sun san almuru. Ba wanda yake da bukatar tsaga minti gida sittin.

A Faransa ne wannan bukata ta taso, kuma doki ne sila. A 1821, shekara 3 kafin zuwan baƙin nan, wani maƙerin agogo mai suna Nicolas Rieussec ya kai wata na'ura filin sukuwa a Faris. Doki na ƙetare layi sai a danna, allura ta ɗiga tawada a fuskar agogon. Daga nan aka sami sunan kuronogiraf, wato mai rubuta lokaci. Tawada ta tafi, suna ya zauna. A 1913 kamfanin Longines ya sa irin wannan inji a agogon hannu, a 1934 kuma Breitling ya ƙara madanni na biyu, wanda ke mayar da allura sifiri.

A tsakanin nan ne, a 1916, aka mayar da gadon sarautar Katagum zuwa Azare. Mulkin En'e ya zo da ofis da kotu da makarantar boko, kowanne da lokacin shiga da na tashi. Harshe ma ya shaida: kalmar agogo daga Yarabanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa, tambayar "ƙarfe nawa?" kuma tana tuna mana ƙarfen da ake bugawa don sanar da sa'a. Da aikin hajji ya koma ta jirgin sama, sai agogo ya shiga sahun tsaraba tare da zamzam da dabino. Haka West End da Rado da Seiko 5 suka cika hannayen alhazai da malaman makaranta, jefi-jefi kuma a ga mai madannai biyu da ƙananan fuskoki a cikin babbar fuska.

Abin da masu tara tsofaffin agoguna suka fi sani shi ne, sunan da ke fuska ba shi ne asalin agogo ba. A wancan zamani yawancin kamfanonin Suwizalan ba sa ƙera injin kuronogiraf da kansu. Saye suke yi daga gidaje kaɗan, irin su Valjoux da Venus da Landeron da Lemania, su buga sunansu a kai. Injin Valjoux 72 da ke cikin tsohuwar Rolex Daytona shi ne a cikin agogunan wasu kamfanoni da yau ba a ko tuna su. Injin Omega 321, wanda ya je duniyar wata a 1969, daga gidan Lemania ya fito. Landeron 48 kuwa na talaka ne, an ƙera fiye da miliyan 3.

Saboda haka mai gyaran da ya san aikinsa yakan kifa agogo ya buɗe bayansa, ya sa madubi a ido. Da farko zai leƙa ƙarƙashin gargaren nan mai kai-komo kamar bugun zuciya, inda ake buga tambari da lamba: harafin R a cikin garkuwa na Valjoux ne, tauraro na Venus. Sai ya duba abin da madanni ke turawa. In ƙaramin gargare ne mai ginshiƙai a tsaitsaye, aikin ya fi tsada kuma dannawa ta fi laushi. In faranti ne shimfiɗaɗɗe, an sauƙaƙa ƙira don rage kuɗi. Ko da tambari ya goge, siffar gadar da ke riƙe da haƙoran inji tana tona asiri. Sai dai a yi hattara da 'yan uwan kama: Poljot 3133 na Rasha jinin Valjoux 7734 ne, Seagull ST19 na Sin kuma daga Venus 175 ya samo tushe.

Shekarar 1969 ita ce ƙololuwa, ita ce kuma mafarin gangara. A cikinta Zenith da Seiko da haɗin gwiwar Heuer da Breitling suka fito da kuronogiraf mai yi wa kansa wani da motsin hannu. Kafin ta ƙare, ranar 25 ga Disamba, Seiko ya sa agogon batir na Astron a kasuwa. Cikin 'yan shekaru mai batir ya yi arha, masu gyara da yawa suka koma sauya batir da maɗauri, daga bisani waya ta ƙwace sauran aikin.

Agogunan da suka tsaya ba su mutu ba. Galibi mai ne ya bushe, ko sifirin ya tsinke. Suna nan a adaka da aljihun tebur a gidajen Azare, cikin kayan gado da ba a san yadda za a yi musu ƙima ba. Kafin a miƙa irinsu ga 'yan gwangwan, a kai wa mai gyara ya buɗe baya, a karanta lambar da ke ciki.