Abin da Aka Rataya a Bangon Versailles

A 1837 Sarki Louis-Philippe ya mai da Fadar Versailles gidan tarihin Faransa. A zauren yaƙe-yaƙe ya jera manyan zane 33, daga Tolbiac zuwa Wagram a 1809. Duk na nasara ne; Waterloo ba ta samu bango ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana wani ɗaki daban: zanen Horace Vernet, mai tsawon fiye da mita 21, na ranar da sojojin Faransa suka afka wa sansanin Amir Abdulƙadir na Aljeriya a 1843. Mata a firgice, dabbobi sun watse. Shi Abdulƙadir ma ba ya nan ranar. Ni dai ba na so a sauke zanen. So nake a rubuta a gefensa ko iyalan wa aka kame.