Jirgin Dau

Dau jirgin ruwa ne na katako wanda iska ke turawa, wanda ya yi ƙarnuka yana zirga-zirga tsakanin ƙasashen Larabawa, Indiya da gaɓar Gabashin Afirka. Masu tuƙa shi kan kira kowane iri da sunansa, kamar sambuƙ, bum da bagala. Alamarsa ita ce ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku, da ake ɗaurawa a doguwar sanda a jinginar da ita a ginshiƙin jirgin.

A zamanin da, ba a buga wa dau ƙusa ko ɗaya. Ɗinke allunan ake yi da igiyar zaren ɓawon kwakwa, a toshe kafofin, a shafe da mai. Ibn Baɗɗuɗa ya ga yadda ake murza wannan igiya a tsibiran Maldif a ƙarni na 14. A 1998 aka gano wani ɗinkakken jirgi na ƙarni na 9 da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, maƙare da kwanonin tangaran na Sin kimanin 60,000. Daga baya Oman ta ƙera irinsa, ya yi tafiya zuwa Singafo a 2010. Ƙusar ƙarfe ba ta yaɗu ba sai bayan zuwan Turawan Fotugal a 1498.

A zamanin ƙyalle, iska ce ke tsara tafiya. Daga Disamba zuwa Maris tana kaɗawa daga arewa maso gabas, sai jirage su gangara Mombasa da Zanzibar ɗauke da dabinon Basra. Idan ta juya a Afrilu, su komo da itacen gini. Ahmad ibn Majid, gwanin ja-gaban teku na ƙarni na 15, ya rubuta ilimin taurari da na iskokin nan.

Jirgin katako rainonsa ake yi kamar dabba. A tashar ruwa akan jira teku ta janye, a tokare shi, a kankare ƙasansa, a shafe da farar ƙasa haɗe da kitse don tsutsar da ke huda katako. Samansa kuma man kifi ake shafawa kada rana ta tsattsaga shi. A wancan zamani, ɗinkin ƙyalle da murzar igiya ba sa ƙarewa. Shugaban jirgi, nahoda, shi ke da ta cewa; ma'aikata kan kwana a fili bisa kaya, cimarsu shinkafa, kifi da dabino, ladansu kuma kaso ne daga ribar tafiya.

Alhazan ƙasar Hausa da suka taka sayyada zuwa Sudan da yawa a sambuƙ suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. A ƙarni na 20 inji ya ture ƙyalle, amma har yau ana sassaƙa dau da hannu a Sur ta Oman da Beypore ta Indiya.