Alhaki Kuykuyo Ne da Ma'aunin Makarantansa: Waiwaye Kan Wata Muhawarar Tarbiyya a Kano

Gabatarwa

A shekarar 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, Ubangidansa Yakan Bi. Ya fito a lokacin da ƙagaggun labarai na Hausa suka cika kasuwannin Kano, marubuta suna buga su da kuɗin aljihunsu. Abin da ya cancanci nazari a tarihin littafin shi ne ma'aunin da aka auna shi da shi. Masu yabo da masu suka duka sun kafa hujja da addini, amma kowane ɓangare da fuskar da ya kalla.

Marubuciyar da labarinta

Balaraba ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. An aurar da ita tana ƙarama, auren bai daɗe ba, daga baya ta nemi ilimin boko ta hanyar karatun manya a Kano. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987.

Labarin Alhaki Kuykuyo Ne ya ginu a kan Rabi, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Mijin yana tauye ciyar da gidansa, yana kashe dukiyarsa a waje, har ya auro Delu, mace mai zaman kanta. Da rigima ta tashi sai ya saki Rabi, ya kore ta tare da 'ya'yan. Ta riƙe su da sana'ar sayar da abinci, 'yarta Saudatu kuma ta dace da miji mai hali. Daga bisani gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa, dangi suka matsa wa Rabi ta sake karɓarsa.

Martanin makaranta

Makaranta irin waɗannan littattafai, galibinsu matan aure da 'yan mata, suna sayen su ko su ɗauke su haya, ana kuma karanta wasu a gidajen rediyo. Da yake marubuta kan sa adireshinsu a cikin littafi, wasiƙu sun zama hanyar mayar da martani. Manazarci Brian Larkin ya nuna a 1997 yadda makaranta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suke rubuto wa marubucin, suna danganta labarin da halin da suke ciki. Mai karatu a wannan zamani yana ɗaukar labari tamkar shari'a ce aka kawo gabansa, yana neman wanda ya yi zalunci da wanda aka zalunta.

A ɓangaren masu suka, Ibrahim Malumfashi ya yi wa wannan rubutu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ƙarancin ingancinsa. Iyaye da malamai da dama sun zargi littattafan da kwaikwayon finafinan Indiya da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun kare su a shafukan jaridu, suna nuna cewa sun yaɗa karatu, sun kuma bayyana matsalolin da al'umma take ɓoyewa. Muhawarar ta kai ga hukuma: an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, sannan a 2007 aka ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau.

Abin da fiƙihu ya ce

Idan aka ɗora labarin Rabi a kan mizanin mazhabar Malikiyya, za a ga laifuffukan Alhaji Abdu duka suna da babi a littattafan fiƙihu. Suratun Nisa'i, aya ta 3, ta gindaya adalci ga mai ƙarin aure. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ɗawainiyar kuwa tana kan uba. Ke nan abin da ya sa makaranta kuka keta haddin Shari'a ne da al'ada ta saba rufe ido a kansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma a Nurul Albab ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, don haka kokawa a kan haƙƙin mata tsohon abu ne a ƙasar Hausa.

Ƙarshen labarin shi ne wurin da fahimta ta fi rabuwa. Ana iya ganin komawar Alhaji Abdu a matsayin ladan haƙuri da yafiya. Ana kuma iya ganin ta a matsayin nauyin da aka sake ɗora wa wadda aka zalunta, alhali Shari'a ba ta tilasta wa bazawara aure ba tare da yardarta ba. Bayan Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012, wannan tambaya ta isa ga makaranta na wasu ƙasashe.

Kammalawa

Tarihin wannan littafi ya nuna cewa hukunci na bai-ɗaya a kan adabin zamani yana haɗa mai kyau da maras kyau. Akwai littattafan da suka cancanci suka, amma akwai waɗanda suka isar da hukunce-hukuncen aure da saki zuwa ɗakunan da wa'azi bai cika shiga ba. Ya kamata ɗaliban ilimin addini su karanta irin waɗannan ayyuka, su rarrabe tsakaninsu da hujja, su kuma amsa tambayoyin da makarantansu suke yi game da ciyarwa, idda da riƙon 'ya'ya.